Mu Faɗi Abin da Ke Cikin Tukunya

 

Yau maganar madafa za mu yi, amma ta shafi jari kai tsaye. Da yawa daga cikinmu, bashin da muke ɗauka a asusu cikin tukunya yake shiga. Wata na suyar cincin da dubulan, wata na karɓar komanden gato, wata na matsar man gujiya tana toya ƙuli-ƙuli, wata kuma kantu da tuwon madara take aza wa yara su kai ƙofar lakwal. Ga kaka ta yi, sabuwar gujiya ta cika kasuwar Katako, bukukuwa sun fara jeruwa a Bukoki, wannan gida suna, wancan gida aure. Abincin da ya fito daga hannunmu yana shiga bakin mutanen da ba mu taɓa gani ba. To a cikinsu akwai waɗanda jikinsu bai jituwa da wani abinci, kuma ba su da hanyar sanin abin da muka zuba sai in mun faɗa musu.

Mece ce wannan lalura?

Likitoci na ce mata alerji. Mu a gida mun fi saninta da borin jini, don abin da ido ke fara gani kenan. Jikin kowa na da garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wurin wasu mutane, garkuwar kan yi kuskure, ta ɗauki wani abinci mai kyau a matsayin maƙiyi. Da zarar abincin ya shiga, sai jiki ya tayar da faɗa da kansa. Yawanci abin na bayyana cikin ƴan mintoci, ko kafin awa 2 da cin abincin.

Abincin da suka fi haddasa wannan su ne gujiya, wadda ƴan uwanmu na Kano ke ce wa gyaɗa, da riɗi, da ƙwai, da madarar shanu, da alkama, da waken suya, da kifi, da jatan lande, da ƴaƴan itace masu ɓawo irin su yazawa. Ku duba jerin nan da kyau: kusan duk kayan garar aure da kayan suna daga nan suke fitowa.

Alamun sun kasu biyu. Akwai masu sauƙi: ƙaiƙayi a baki, jiki ya yi rudu-rudu kamar cizon sauro, leɓe ko fatar ido su kumbura, ciki ya murɗa. Akwai kuma masu haɗari: harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya ko ya riƙa fita da ƙara, tari ya ƙi tsayawa, amai ya yi ta zuwa, jiri ya ɗebi mutum, yaro ya yi laushi kamar tsumma ko ya suma. Wannan na biyun yana iya kashe mutum cikin ƙasa da awa guda. Wanda yake da fuka ya fi shiga haɗari. Kuma don an ci an sha da sauƙi a karon farko, ba shi ke nuna karo na biyu ma haka zai zo ba.

Kada mu haɗa wannan da wasu abubuwa masu kama da shi. Babba ya sha madara cikinsa ya yi ta ƙugi, wannan sau da yawa rashin iya narkar da madarar ne, yana da wahala amma bai toshe numfashi. Abincin da ya kwana ya lalace, duk wanda ya ci zai ji a jikinsa. Gujiyar da ta yi funfuna kuwa guba ce ga kowa da kowa, tana illata hanta sannu a hankali, shi ya sa muke tsince ta mu zubar. Alerji daban yake: mutum 20 su ci daga faranti ɗaya, 19 su tashi lafiya lau, ɗaya ya kama maƙogwaro.

Gujiya ba abokiyar gaba ba ce

Kada wata ta karanta wannan ta je ta hana ƴaƴanta kunun gujiya. A'a fa. Gujiya ta raya mu, ta raya ƙasar nan. Abincin nan na cikin leda da ake ba yara masu tamowa a gidajen likita, wato Plumpy'Nut, da gujiya ake yin shi, kuma ana sarrafa shi nan cikin Yamai a masana'antar STA. Iyayen da suka ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi sun san yaran da ya tayar. Yawancin mutanenmu na cin gujiya tun yaye har tsufa ba abin da ya same su.

Hasali ma, wani bincike da aka yi a London aka fitar a 2015 ya bi jarirai 640 waɗanda ake jin tsoron za su kamu da lalurar. An raba su gida biyu: wasu aka fara ba su abinci mai gujiya tun suna tsakanin wata 4 da wata 11, wasu aka hana su. Da suka kai shekara 5, cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 sun kamu. Cikin waɗanda aka ba, kusan 3 ne kawai. Kun ga ashe al'adar iyayenmu ta dama wa yaro kunun gujiya da wuri tana da amfaninta. Mu dai mu bi shawarar da ake ba mu a wurin awo: nono zalla har wata 6, sannan a fara ƙarin abinci. In jariri na da ƙurajen fata masu tsanani, ko ya taɓa yin borin jini da ya ci ƙwai, a fara tambayar likita kafin a ba shi. Kuma ba a ba yaro ƙasa da shekara 5 ƙwayar gujiya ɗungum, don tana iya sarƙe shi. A markaɗa ta, a dama.

Abin da muke cewa shi ne: masu lalurar ba su da yawa, amma akwai su, kuma ɗan kaɗan ya ishe su.

Inda take ɓuya

Uwar da ɗanta bai jituwa da gujiya ba za ta saya masa soyayyar gujiya a kwalba ba, wannan a fili yake. Abin tsoron shi ne inda ido bai ganinta. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Kilishi a cikin labu ake tsoma shi, labu kuwa gujiya ce. Kwaɗon zogale da ake ce wa kopto, da kwaɗon rama, da daƙuwa, da miyar taushe, duk tana ciki. Dambu ma wasu na barbaɗa masa ƙuli ko su zuba man gujiya. Riɗi na cikin kantu, wasu kuma na yaryaɗa shi kan burodi da cincin. Gato kuwa ya tara ƙwai da madara da alkama wuri ɗaya.

Sai man suya. Man gujiyar da muke matsa da hannu a gida, mai ƙamshin nan da muke so, yana ɗauke da abin da ke tayar da lalurar. In kin soya ƙosai ko fanke da shi, kamar kin zuba gujiyar ne a ciki. Haka man da aka toya ƙuli-ƙuli da shi aka juye aka ajiye don suyar gobe.

Akwai wata magana da ta kamata mu cire daga kanmu: wai wuta na kashe abin. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe abin da ke cikin gujiya da riɗi mai tayar da alerji. Ki soya, ki gasa, ki dafa tun safe har la'asar, yana nan. Tsince gujiyar daga kan gato a ba yaro sauran ma ba dabara ba ce.

Sannan ga kayan aiki. Turmin da aka daka ƙuli da safe, da shi ake daka yajin dambu da rana. Ludayi ɗaya na yawo daga wannan tukunya zuwa waccan. Wuƙar da ta yanka gato mai gujiya ita ke yanka marar gujiya. Babba a cikinsu shi ne injin niƙa na unguwa: ta gabanki ta markaɗa gujiya, ke kika zuba wakenki ko gero a bayanta. Ga yawancin mutane wannan ba komai. Ga mai lalurar, wannan ɗan ragowar ya isa.

Kunya da gardama

Gaskiyar magana, abin da ya fi ba mu wahala ba rashin sani ba ne, halinmu ne na zaman tare. A wurinmu, a miƙa maka abinci ka ƙi karɓa raini ne. Ka tambayi mai gida abin da ta zuba a miya, sai a ce kana zarginta da sammu ko kana ƙyamar girkinta. Uwa ta ce, "Gwaggo, don Allah kar a ba shi ƙulin nan, jikinsa bai so." Gwaggo ta ce, "Ke raba ni da iyayin zamani. Ɗan Bahaushe ne zai ce bai cin gujiya? Ba shi kaɗan, zai saba." Uwa ta sunkuyar da kai don ba ta iya musu da babba. Da ta juya baya, aka ɗanɗana masa.

Gwaggo ba mugunta ta yi ba, ƙauna ce da rashin sani. Amma iyayenmu mata, mu ji wannan: ba a koya wa jikin yaro sabo da abincin da ya taɓa kumbura masa fuska ta hanyar ba shi kaɗan-kaɗan a gida. Gwajin irin wannan, in ma za a yi, likita ke yin shi a inda akwai allura da kayan ceto a kusa. Ke kuma uwa, ladabi bai hana ki faɗi gaskiya. Ki ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ne ya hana. Ranar da ya ci, sai da muka kwana gidan likita." Ki faɗa wa mahaifinsa ya faɗa wa danginsa da bakinsa, don maganar ta fi zama.

A Ingila sai da aka rasa rai kafin aka gyara doka. A watan Yuli na 2016, wata yarinya ƴar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow. Ta san jikinta bai jituwa da riɗi, ta duba takardar da aka naɗe burodin ba ta ga an rubuta ba, alhali an cuɗa riɗin cikin ƙullun. Ta ci, abin ya tashi tana cikin jirgi zuwa Faransa, ta rasu a ranar. Iyayenta suka tsaya tsayin daka har aka yi dokar da ta fara aiki a watan Oktoba na 2021, wadda ta tilasta wa mai sayar da abincin da ya naɗe da kansa ya rubuta duk abin da ke ciki. Mu a nan babu mai zuwa ya duba robar cincin ɗinmu. Bakinmu shi ne takardar. Amana ce tsakaninmu da mai saye.

Ga mai yin na sayarwa

Tun lokacin karɓar komande, bayan kin tambayi mutum nawa da rana, ki ƙara tambaya ɗaya: "Hajiya, cikin masu ci akwai wanda jikinsa bai son gujiya, ko riɗi, ko ƙwai, ko madara?" Ba za ta ji haushi ba. Wadda ke da irin wannan yaro ma, daga ranar kin samu mai saye ta dindindin.

Ki san abin da kika zuba, har da wanda kika sayo a shirye. Kayan gwangwani da na leda, irin su cakulan da bota da biskit, suna da rubutu a baya. Ki nemi waɗannan kalmomi na Faransanci, ko ki sa ɗan lakwal ya karanta miki: arachide ita ce gujiya, sésame riɗi, lait madara, œuf ƙwai, blé alkama, soja waken suya. In kin ga peut contenir des traces, ana nufin wataƙila ɗan ɓurɓushi ya shiga. Kayan da ke zuwa daga Najeriya da Ingilishi suke rubutawa, gujiya a can peanut ce ko groundnut.

In kin karɓi aikin mai lalura, ki fara da nasa tun kayan aiki na da tsabta. Ki wanke hannu da roba da cokali da tire da ruwa da sabulu. Goge da tsumma bai isa ba, ruwan shafa hannu na kwalba da muka saba da shi lokacin korona ma bai cire gujiya daga hannu. Ki sa sabon mai wanda ba na gujiya ba. Kada ki kai niƙansa injin unguwa. In kin gama, ki rufe shi a mazubinsa daban, ki yi masa alama.

In ɗakin girkinki ɗaya ne, kuma a nan ake matsar mai ana toya ƙuli kullum, ki faɗi gaskiya ki ce ba za ki iya ba da tabbaci ba. Gara ki rasa cinikin jika biyar da a ɗauko miki yaro a sume a ce gatonki ya ci. Kuma in an tambaye ki abin da ba ki tabbata ba, kada ki ce "babu" don kar ciniki ya wuce. "Ban tabbata ba, kar a ba shi" amsa ce ta mai mutunci.

Yaran da muke aza wa talla su ma mu koya musu. Su san sunan abin da ke cikin kowace roba, su san cewa in an tambaye su ba su sani ba, su ce ba su sani ba. Mai iyawa ta manna ƴar takarda a jikin robar, an rubuta "akwai gujiya" ko "akwai riɗi". Don waɗanda ba su karatu, a zana ƙwayar gujiya, ko a ɗaura jan zare a murfin.

Ranar biki ko suna

Ranar taro, masu girki sun kai goma, kowa da tukunyarta, maƙwabta na aiko da nasu, yara na yawo daga tabarma zuwa tabarma ana cusa musu abu a baki. Uwar biki ba ta da lokacin kanta balle na ɗan wata. Don haka a zaɓi mace ɗaya cikin masu aiki wadda ta san abin da aka sa a kowace tukunya, in an yi tambaya a nuna ta. A ajiye yaji da ƙuli a gefe, mai so ya zuba da kansa, maimakon a cuɗe dambun gaba ɗaya. Kowane kwano da cokalinsa.

Ke mai yaron, kada ki dogara da kowa. Ki ciyar da shi a gida kafin ku fito, ki riƙo masa nasa cincin a jaka don kar ya zauna yana kallon ƴan uwansa. Ki sanar da uwar biki tun kafin ranar. Ledar rabo da ake dawowa da ita gida, ki buɗe ki duba kafin ya kai hannu. Da ya fara wayo, ki koya masa ya ce, "Na gode, sai na tambayi Inna." Malaminsa na lakwal da na allo su ma su sani.

In abin ya faru

In aka ga alamun haɗarin nan da muka lissafa bayan cin abinci, ba lokacin jiƙa magani ko neman wanda ya yi baki ba ne. Kada a ɗura wa mutum manja ko madara ko ruwa, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ke ba shi wuya, a bar shi ya zauna a jingine. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a tayar da shi tsaye ko a sa shi ya taka da ƙafarsa, a ɗauke shi.

A kira 15, lambar motar agajin gaggawa ta SAMU, ko 18 ta ƴan kwana-kwana. In taksi ya fi kusa, a tare shi a nufi gidan likita mafi kusa, CSI na unguwa ko asibitin Poudrière ko babban asibitin ƙasa. Da isa, a faɗa musu kai tsaye: ga abin da ya ci, ga lokacin da ya ci, numfashinsa ya canja. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce da ake yi a cinya, kuma saurin yin ta shi ne ceto. Ƙwayoyin ƙaiƙayi da muke saye a farmasi suna kwantar da borin fata, amma ba su buɗe maƙogwaron da ya toshe. Wanda likita ya riga ya rubuta wa allurar da ake yawo da ita, a yi masa nan take sannan a tafi. Ko ya farfaɗo a hanya, kada a juya gida, don abin kan iya dawowa bayan wasu awoyi. Kafin a sallame ku, ku roƙi a rubuta sunan abincin a karnensa na likita.

Abin da ƙungiya za ta iya

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfinmu shi ne abin da mace ɗaya ba ta iyawa, mata talatin sun iya. Ga abu uku da muke roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a zaman mako mai zuwa.

Na ɗaya, shugaba ta tambaya ko akwai wadda ita ko ɗanta ke da wannan lalura, in ta yarda a sani. Ba abin kunya ba ne, ba kuma abin da za a kai gaba a yi gulma ba ne, balle a ce zai hana yarinya miji.

Na biyu, akwatinmu na da makullai a hannun mata daban-daban, ba a buɗe shi sai ranar zama. Numfashi kuwa bai jiran ranar zama. A ware ɗan abu daga kuɗin taimakon juna, ko jika biyu ko uku ne, a hannun mace ɗaya amintacciya da ke zaune cikin unguwa, don kuɗin taksi da na karɓar magani. A rubuta a littafi kamar kowane kuɗi.

Na uku, a gayyato ma'aikaciyar lafiya daga CSI ta zo zamanmu ta nuna mana alamun da idonmu, mu yi mata tambayoyinmu. Masu sana'ar abinci a cikinmu kuma su yi alkawari a gaban ƴan uwa cewa kowace roba da ta fita daga gidansu, mai saye zai san abin da ke ciki.

Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani ta ba sakatariyar ƙungiyarta, za ta iso gare mu. Allah ya sa albarka a jari, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.